Fedar Bikin Hosana

Litinin, 7 ga Yuli, bayan La'asar

Emenike ya zo da jitarsa da buƙatarsa. Yana so in haɗa masa sabuwar feda kafin bikin Hosana, 'yar abokina Rwang, ran tara ga Agusta. Shi zai yi kiɗan wurin. Ya ce, "Oga Malam, ina so in na taka shi, tsofaffi su tuna lokacin da gwiwansu yana aiki."

Na ce ashe asibitin ƙashi yake nema, ya yi ɓatan hanya.

Har yau mutanen Dutse Uku sun ɗauka rediyo nake gyarawa a ɗakin baya. Na bar su a haka. Ya fi sauƙi a kan in tsaya ina yi wa liman bayanin cewa malamin tarihi mai furfura yana ƙera ɗan akwatin alminiyam wanda mai jita zai taka da ƙafa, sautin jitar ya sauya. Masu wannan aiki a wasu ƙasashe suna da na'urorin awo masu allo. Ni kunne gare ni. Sai in jera taransistoci, 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke cikin akwatin, in saurare su ɗaya bayan ɗaya, in ɗauki wanda ya yi mini magana. Don haka makaɗan garin nan suke hawo layinmu da taɓo a takalmi. In aka cire kunnen, abin da ya rage wani dattijo ne mai ƙona yatsunsa da dalma.

Na fara haɗa kayan ciki. Akwai wata 'yar ƙara siririya a ciki, kamar sauron da ya sami muƙami. Gobe zan kama ta.

Talata, 8 ga Yuli, da yamma

Ban kama ta ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, kafin Magariba

Na sake narka dalma a kowace mahaɗa. Na canja wayoyi. Na zargi tiransifomar bakin layi, na zargi firijin maƙwabci, na zargi cajar wayar matata Kubra. Na bi gidan ina kashe komai, Kubra tana bin bayana tana kunnawa. Haka muka zaga gidan kamar masu neman kaza.

Ta ce, "Malam, tun ɗazu nake kiranka, tuwo ya huce."

Na ce, "Kin kira ni, ko kin yi niyyar kirana?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta karɓo mini kati wurin likitan kunne, ran Talata ashirin da tara ga wata. Na ce Allah ya saka da alheri, ta ba mabuƙaci.

Matsalar ba tawa ba ce. Mutane ne suka daina buɗe baki. Yau a aji na tambayi wata yarinya dalilin da ya sa Turawa suka hawo tudun nan, ta motsa leɓe kamar mai tauna goro, sauran suka gyaɗa kai. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce madalla. Wataƙila kuza ta ce. Wataƙila kuma ta ce don su sha iska ne.

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi

Emenike ya leƙo ya ga inda aka kwana. Na kunna masa, na ɗaga yatsa, na ce, "Ka ji ta?"

Ya kanga kunne a jikin lasifika. Ya daɗe. Ya ce, "Oga, ni ban ji komai ba. Shiru ne kamar kotu."

Na ce, "Shekara nawa kana tsaye gaban lasifikar coci? Me ya rage maka a kai?"

Ya yi dariya, amma ya dubi Kubra da ta shigo da shayi. Ita kuma ta dubi faranti. Ban san lokacin da matata da wani Inyamuri mai jita suka fara magana da ido ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba. A ƙarƙashin ruwan, ƙarar tana nan.

Talata, 15 ga Yuli, bayan Azahar

An ɗauke wuta a unguwar duka. Babu tiransifoma, babu firiji, babu janareta ko ɗaya don ba wanda ya sayi mai. Na ce yawwa, yau za a san gaskiya. Na zare waya daga lasifika. Na cire batir daga fedar, na ajiye shi a kan taga, nesa, kamar zai yi tsalle ya koma.

Na zauna.

Daga nan na tafi masallaci. Ƙarar ta bi ni. Ban san feda tana zuwa sallah ba.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Sanyin damina ne. Kowa ya san sanyin Jos yana toshe kai. Na sha citta da kanumfari.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan La'asar

Abu mai kyau a cikin lamarin: tunda ƙarar ba a cikin fedar take ba, ashe fedar lafiyarta ƙalau. Sai in bar farautar sauro in koma kan sauti.

Sautin ne bai yi mini ba. Ya yi duhu, kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Kayan yanzu kenan, daga ganin kwalinsu ka san ba a yi su da tsoron Allah ba. Akwai 'yar kafasita guda da ke rage kaifin sauti: in ta yi girma sauti ya dushe, in ta yi ƙanƙanta ya yi haske. Na cire na sa ƙarama. Bargon yana nan. Na sa wadda ta fi ta ƙanƙanta.

Kubra ta ɗora katin asibiti a kan akwatin kayan aikina. Na ɗora ƙarfen dalma a kai, ya ƙone gefe guda. Ba da gangan ba. Ina jin ba da gangan ba.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Na same shi!

Na cire kafasitar gaba ɗaya, na sa wata 'yar mitsitsiya da na ciro daga tsohuwar rediyon Baba. Da na kaɗa tsohuwar jitata, bargon ya yaye. Sauti ya fito fes, yana sheƙi, kamar tsattsewa suna shawagi bayan an ɗauke ruwa. Rabon da in ji abu haka tun ina saurayi, lokacin da ni da Rwang muke kiɗa a makarantar kwana da jitar da muka yi wa tsirkiya da wayar birki. Na yi ta kaɗawa har yatsuna suka yi ja.

Kubra ta ce za ta je gidan ƙanwarta a Rikkos. Ta fita da sauri, ta ɗaura ɗankwali har kan kunnuwa. Sanyi ne.

To wa ke buƙatar likita?

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Azahar

Dokata ce ba na zana akwati sai na gama jin sautin. Sautin ne ke gaya mini hoton. Akwai wadda ta ce mini dutsen Shere, akwai wadda ta ce mini bunsuru, mai ita ya ji haushi amma ya karɓa. Wannan ta ce tsattsewa uku a kan wayar lantarki.

Na goge murfin da samfefa har ya yi ƙyalli. Na kai zanen shagon kwamfuta, aka buga mini shi a juye a bayan tsohuwar kalanda mai santsi. Na kifa takardar a kan ƙarfen, na danne da dutsen gugar Kubra, tunda ba ta nan balle ta yi mini wa'azi. Na jiƙa, na murje takardar da yatsa a hankali, baƙin tawada ya zauna daram. Inda ya ɗan ɓalle na cike da jan farcen da 'yata Amatullahi ta bari kafin ta koma makaranta. Ya kamata wata rana in gaya wa yarinyar nan inda jan farcenta yake tafiya.

Sai soda. Irin ta masu yin sabulu ce, a kasuwar Taminus nake saya, mai sayarwar tana kirana Baba Mai Sabulu. Na dama a roba a tsakar gida, na tsoma murfin. Ya fara tafasa, yana kumfa, yana hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Duk inda ba tawada, soda tana ci. Wannan ne sashen da na fi so, kuma shi na fi tsoro, don abin da soda ta ci ya ciwu, ba a yi masa gyara. Na ciro, na wanke da tsohon buroshin haƙori, na shafa baƙin fenti a ramukan, na sake gogewa.

Tsattsewa uku. A ƙasa, ƙanana: J. JIKA, JOS.

Da can ina jin tafasar sodar tana cewa sssss. Yau na ga kumfa kawai. An fara haɗa sodar da gari, ina tsammani.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Na huda, na ɗaura, na rufe. Ta yi kyau har ba na son bayarwa. Asabar za su yi gwaji a gidan Rwang.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan Magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na je Daɗin Kowa da fedar a cikin jakar makaranta. Sun kafa kaya a garejin Rwang: Emenike, mai ganga, mai fiyano, da 'yan mata biyu masu amshi. Hosana da babarta suna bakin ƙofa suna tsince acca. Rwang ya tarbe ni da, "Ga Bature mai ƙere-ƙere! Jabiru, ka tsufa fa." Na ce aƙalla ni gashina fari ya yi, bai yi hijira ba.

Kowa ya yaba tsattsewar. Hosana ta ce a ba ta akwatin bayan biki ta riƙa ajiye 'yan kunne.

Suka fara. Emenike ya kai tsakiyar waƙa, ya dube ni, ya kashe ido, ya taka.

Ni dai abin da na ji shi ne abin da na ji ran Asabar waccan. Fes. Na rufe ido ma. Ina murmushi, na san ina murmushi, don na ji kumatuna.

Da na buɗe, mai ganga ya saki sanda guda. 'Yan matan sun toshe kunnuwa da tafin hannu. Babar Hosana ta yamutsa fuska kamar ta ciji tsamiya, farantin acca ya karkace. Karen gidan ya shige ƙarƙashin mota. Emenike yana ta laluben fedar da ƙafa yana son kashewa, ya kasa samun maɓallin.

Ni kuma ina tsaye a tsakiyarsu da murmushina.

Wani ya ce wataƙila lasifikar ce. Wani ya ce wutar ce ta yi yawa. Emenike ya ce, "Oga, ƙaramin abu ne, ɗan gyara kawai." Duk suka yi ta ba ni hanyoyin fita, kamar masu nuna wa makaho ƙofa.

Ɗaki ɗaya, jita ɗaya. Wanne ne sautin? Nawa ko nasu? Su tara ne har da kare.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan La'asar

Rwang ya zo bayan an tashi daga coci, da jakar leda. Ya zazzage a kan teburina: fedoji uku, duk aikina. Mai dutsen Shere ta wani makaɗi Mwadkon, ta wani yaron Bukuru, da bunsurun. A kowace, an murɗe maɓallin kaifi har ƙarshen hagu, an liƙe shi da salatif don kada ya motsa.

Na ce, "Wane jahili ne ya yi wannan?"

Ya ce, "Jahilai uku ne, kowa da nasa salatif."

"Tun yaushe?"

"Tun ta Mwadkon. Bara waccan. Kowace sabuwa tana fin ta baya yanka. A da salatif yana isa. Wannan ta jiya ko an murɗe ba ta jin magana."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

Ya ce, "Mun faɗa, Jabiru." Ya fara dariya, sai ya ga fuskata, ya mayar da ita tari.

Ya ce suna son aikina, shi ya sa suke dawowa. Ya ce in na ga dama a bar maganar, Emenike ya yi bikin da tsohuwar fedarsa, ba wanda zai lura. Na ce ai shi ne abin, ba wanda zai lura.

Na lura yana magana yana fuskantata, yana buɗe baki sosai, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya karatu. Tun yaushe yake yi mini haka? Na tuna shugaban makaranta ma haka yake yi. Da mai shayi.

Na yi shekaru ina koya wa yara yadda dauloli ke faɗuwa. Kullum ina ce musu sarki ne na ƙarshen samun labari. Ina faɗa ina jin daɗin kaina.

Litinin, 28 ga Yuli, da yamma

Ban shiga ɗakin baya ba.

Talata, 29 ga Yuli, bayan Azahar

Na je, don kada katin ya lalace a banza.

Suka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwatin firiji, suka ɗora mini abin ji a kai, suka ba ni maɓalli. In na ji ƙara in danna. To wace ƙarar? Tawa tana nan tana aikinta, tasu tana shigowa ta wuce. Na danna lokacin da babu komai. Na yi shiru lokacin da akwai, na gane haka daga fuskar Kubra ta gilashi. Daga baya na koma kallon hannun mai gwajin, in ya motsa in danna. Ya gane, ya sa hannun ƙarƙashin tebur. Na taɓa kama yara da irin wannan a jarrabawa.

Likitar ba ta fi sa'ar Amatullahi da yawa ba. Ta nuna mini takarda mai layi biyu, ja da shuɗi, sun taho a miƙe sai suka gangara kamar mota ta saki birki a Hawan Kibo. Ta tambaye ni aikina. Na ce malamin tarihi. Kubra ta ce, "Faɗa mata ɗayan." Na faɗa. Ta ce, "Ayya, Baba."

Ta faɗi abin da ta faɗa. Kubra ta riƙe. Akwai maganar wata na'ura, akwai maganar abin da ke dawowa da abin da ba ya dawowa. Ni ina kallon kalandar bangonta, ina tunanin takardar tana da santsi, za ta yi kyau a guga.

A keke muna dawowa ba wanda ya yi magana. Ko an yi, ban sani ba.

Laraba, 30 ga Yuli, da safe

Na kira Emenike in ce ya nemi ta shago. Yana garin Lafiya, sun tafi wasa, sai jajibirin biki zai dawo. Ya yi ta magana, layin ba kyau. Na tsinci "Oga" da "na shago kowa yana da shi" da "ina jira." Na ce to. Ban san me na amsa ba.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan La'asar

Na ɗauki samfefa in goge sunana daga murfin. Na yi ta gurza. Soda ta ci da zurfi, sai ƙara ƙyalli yake yi. Na yi aikin da kyau, abin haushi.

Hoton wani sauti ne da ba wanda ya taɓa ji sai ni. Shin ƙarya na zana? Ai na ji shi. Na rantse na ji shi.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan an sauko

Ina zaune a ɗakin baya ba na yin komai, Kubra ta shigo da kujerarta ta tsakar gida. Tun da muka tare a gidan nan ba ta taɓa zama a ɗakin ba, iyakarta bakin ƙofa, ta ajiye shayi ta ce wari.

Ta ce, "Buɗe ta."

Na ce, "Me kika sani game da feda?"

"Ban san komai ba. Kai ka sani, ni ina ji. Buɗe, ina da wanki."

Na buɗe. Na jera kafasitoci daga ƙarama zuwa babba. Na sa ta farko, na kaɗa.

"Cire! Kamar ana jan bokiti a siminti."

Ta biyu.

"Haƙorana."

Ta uku. A kunnena bargo ya fara dawowa.

"Da sauƙi. Amma har yanzu kamar maƙwabciyarmu Hajiya Sumayya tana faɗa da mai ruwa."

Na ce wannan ba ma'aunin kimiyya ba ne. Ta ce to in kira kimiyya ta zo ta zauna mini.

Asabar, 2 ga Agusta, da hantsi

Na yi mata wayo. Tana gyara ɗankwali na mayar da 'yar mitsitsiyar ta rediyon Baba, na ce ga wata sabuwa. Ina so in gani ko da gaske take ji, ko dai haɗa baki suka yi da Rwang. Ban gama kaɗa tsirkiya ɗaya ba ta miƙe da kujerarta.

"In wasa za ka yi, Malam, ni ba sa'arka ba ce."

Sai da na bi ta har madafa. Na daɗe ban ba wa mutum haƙuri da ƙarfen dalma a hannu ba.

Amma na saurara sosai kafin in cire ta. Tsattsewar suna nan.

Litinin, 4 ga Agusta, da yamma

Kafasita biyu suka rage. Ta ce wannan. Na sa ɗayar, ta ce a'a wannan. Na mayar da ta farko, ta ce ita ce ta ɗazu ko wata ce? Ta ce na ruɗa ta. Ta ce kunnenta ya gaji, komai ya koma mata kamar injin markaɗe. Ni kuwa duka biyun ɗaya suke a wurina: mutum yana kiɗa a cikin rijiya, an rufe bakin rijiyar da katifa.

Na ce, "Kubra, wannan fa ya mutu. Babu rai a ciki."

Ta ce, "A wurinka."

"In kin yi kuskure fa? Bikin 'yar mutane ne."

"To sai mu ji kunya tare. Da kai kaɗai kake ji."

Laraba, 6 ga Agusta, bayan La'asar

Ta zaɓi babbar. Na ce me ya sa. Ta ce ba ta sani ba, da na kaɗa ta sai ta ga ta daina ƙanƙance ido.

Na riƙe ƙarfen dalma a kan mahaɗar, hannuna ya ƙi. Duk abin da na sani yana ce mini kuskure ne. To amma wa ya gaya mini abin da na sani?

Na liƙe. Na ɗaure kusoshi huɗun. Ban sake kunnawa ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, kafin Magariba

Emenike ya biyo a gurguje daga tasha. Ba wuta, batirin lasifikarsa ya mutu, ba a gwada ba. Ya ce, "Oga Malam, ya yi?"

Na ce, "Tambayi Hajiya."

Ya ɗauka wasa nake.

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

An yi biki jiya a wani fili a Daɗin Kowa, ƙarƙashin rumfuna, hadari yana ta barazana bai sauko ba. Rwang ya sa babbar riga da ta fi shi girma, yana ta yawo kamar tanti ya sami ƙafa. Ya zaunar da mu a gaba, kusa da makaɗa. Ko karamci ne, ko don in ji, ban tambaya ba.

Na ga fedar a ƙasa gaban Emenike. Na duba da kyau: babu salatif.

Aka ci, aka yi jawabai. Wani kawun ango ya yi magana mai tsawo, mutane suna dariya, ni ma ina yi in na ga sun fara. Sai aka kira amarya da babanta su taka. Makaɗa suka tashi. Ganga ina jinta a ƙirji. Jitar kuwa tana can cikin rijiyarta.

Na ƙudura zan kalli ƙafar Emenike in ga lokacin. Sai masu ɗaukar hoto suka tsaya a gabana, ƙato uku, da wata mata mai gwaggwaro kamar faifan tauraron ɗan'adam. Ban ga komai ba. Na saurara iya ƙarfina, ina jiran wurin da sautin zai juya. Bai juya ba. Na ce a raina ya fasa, ya ji tsoro, ya kyauta.

Ta gefen gwaggwaron na hango wata tsohuwa, ina jin kakar Hosana ce, ta miƙa wa wani sandarta ta shiga fili. Wasu biyu suka bi ta. Ban ga hannu a kunnen kowa ba. Amma tsofaffi suna rawa a biki ko da feda ko babu, wannan ba hujja ba ce, ko ɗan aji ɗaya ba zai karɓa ba.

Kubra ta taɓa gwiwata. Ta juyo da fuskarta sosai yadda zan ga bakinta.

"Ya taka. Tun ɗazu."

Na ce, "Na sani."

Ta ci gaba da kallona. Mun yi shekara ashirin da shida da aure, ta san yadda fuskata take in na ce wa ɗaliba madalla.

Na matsar da kujerata, na juya mata kunnen hagu, shi ne mai dama-dama.

Na ce, "To. Faɗa mini yadda yake."